A Buɗe Murfin Lagireton Kafin Ranar Asabar

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Motoci,
wanda kuma ya shugabanci kwamitin da ya zauna a kan Malam Modu direba,
Jimeta, Jihar Adamawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa irin ta ’ya ga mahaifinta, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyalinka da duk waɗanda ke aiki a ƙarƙashinka, ina fara neman afuwa a kan wannan takarda da na fitar inda kowa zai karanta. A gidanmu ba a koya mini ɗaga murya a gaban manya ba. Ko a aji sai malami ya kira sunana sau biyu kafin in amsa. Amma sau biyu na kawo takardar roƙo ofishinku. Ta farko maigadi ya karɓa ya ce zai miƙa. Ta biyu na riƙe ta a hannuna, na tsaya a ƙarƙashin dogonyaron da ke bakin ƙofarku tun tashinmu daga makaranta har bayan la’asar. Ka fito, ka bi ta gabana, na durƙusa na gaishe ka, ka amsa da fara’a, sai bakina ya ƙi faɗin sauran. Ita ma a ƙarshe maigadin na ba wa. Wata huɗu ke nan ba mu ji komai ba.

Ban rubuta sunan kamfaninku ba, ban kuma rubuta naka ba, domin ba tozarta kowa nake nema ba. Idan takardar ta iso gare ka za ka gane da kai nake.

Sunana Falmata. Ni ce babbar ’yar Malam Modu, wanda ya tuƙa muku farar motar ɗaukar kaya shekara tara, aka sallame shi bisa zargin yana ɗibar baƙin mai yana sayarwa. Ina aji biyu na babbar sakandare, muna zaune a Yolde Kohi. A makon jiya na ga sanarwa manne a ƙofarku cewa ranar Asabar mai zuwa za a yi gwanjon motocin da suka mutu a harabarku, na kuma ga lambar motar Baba a layi na uku. Roƙona ɗaya ne: kafin a ja motar nan a fita da ita, a sa wani ya ɗaga bonet ya buɗe murfin lagireto a gabanka. Aikin bai kai minti ɗaya ba. Ga dalilaina.

Na ɗaya. Ina so ka san wanda aka kira ɓarawo.

Mu mutanen Borno ne. Ina ƙarama aka shigo garinmu, abin da nake iya tunawa kaɗan ne: ƙarar bindiga, da tafiyar ƙasa, da yadda ƙafafun mahaifiyata, wadda muke kira Ya, suka kumbura. A lokacin Baba yana da motarsa ta kansa, yana jigila tsakanin kasuwanni. A ranar aka ƙwace ta, aka ƙone gidan. Lasisinsa kaɗai ya fito da shi, a ninke cikin hula. Muka zauna a Damare, nan kusa da Jimeta, tare da sauran waɗanda suka gudo, kusan shekara biyu, har wani ya faɗa masa kuna neman direban da zai yarda ya kai kaya arewacin jihar, a lokacin da direbobi da yawa ba sa son wuce Gombi. Baba ya yarda. Shekara tara yana bin hanyar nan, Song, Gombi, Hong, Mubi, wani lokaci har Michika, da buhunan abinci da kwalayen magani. Ban taɓa jin an ce ko mudu ɗaya ya ɓata a hannunsa ba. Idan an taɓa, fayil ɗinsa yana wurinka.

Baba ya sauke Alƙur’ani, yana rubutun ajami, amma bai yi boko ba. Tun ina aji shida na firamare ni nake rubuta masa duk takardar da zai kai ofis, ni nake karanta masa duk wadda aka ba shi. Saboda haka maganar motar nan ba labari aka ba ni ba.

Na biyu. Yadda yoyon ya fara.

Gab da azumin bara Baba ya fara ganin ɗigon baƙin mai a ƙarƙashin motar kowace safiya. Ya bi da tsumma har ya gano daga gidan filta yake tsatsowa, wato inda ake ɗaura filtar mai a jikin injin. Ya faɗa mini, na rubuta rahoto na farko. Bakaniken ofishinku ya duba ya ce robar da ke tsakanin gidan filta da jikin injin ce ta bushe, amma babu sabuwa a sito, sai an cike takarda an jira, mota kuwa tana da tafiya washegari. Ya ce a yi maneji. Ya kwance wurin, ya shafa gam a kan tsohuwar robar, ya mayar, sannan ya zura bututun ƙarfe a sifana don ya ƙara tsawo, ya ɗaure notunan da duk ƙarfinsa. Ɗigo ya tsaya. Baba har godiya ya yi masa.

Ni ba bakanike ba ce. Abin da zan faɗa yanzu daga bakin Bappa Hammadu na ji shi, wani dattijon bakanike mai gareji a Gwadabawa, wanda ya san Baba tun zuwanmu garin nan. Na je wurinsa da littafina, ya zana mini a ƙasa da ƙusa, na kwafa. Ya ce a irin wannan mota akwai wani ɗan akwatin ƙarfe manne da gidan filta, suna kiransa oyil kula, aikinsa sanyaya baƙin mai. A cikinsa mai yana bin hanyarsa, ruwan lagireto yana bin tasa, siririn ƙarfe ne kawai ya raba su. Idan ƙarfen nan ya tsage, ko don tsufa ko don an matse shi fiye da kima, sai man ya ratsa cikin ruwa, domin idan injin yana aiki mai ya fi ruwa ƙarfin turi. Ba zai ɗiga a ƙasa ba. Lagireto zai tafi, idan ya cika ya riƙa amayarwa ta ɗan tiyon gefe, a kan hanya, mota tana gudu, inda ba mai gani. Har yanzu ina tuna yadda ya faɗa mini, yana goge hannu: “Ɓingel am, ’yata, mai ba aljani ba ne da zai ɓace. In bai sauka ƙasa ba, bai fita ta salansa ba, to je ki duba ruwa.”

Na uku. Abin da ya biyo baya.

Bayan an shafa gam, mai bai daina raguwa ba. Baba yakan zaro geji kowace safiya kafin ya tayar da mota, ya tarar ya yi ƙasa. Tafiya ɗaya zuwa Mubi da dawowa sai ya ƙara kusan lita biyu. Wata rana motar ta ɗauki zafi, ya tsaya ta huce, ya buɗe lagireto, sai ya ga ruwan ya yi kauri ya zama kamar kunun gyaɗa. Ya kawo mini murfin gida ya nuna mini, duk ya yi yauƙi. Na rubuta rahoto na biyu, na faɗi maganar ruwan a fili. Bayan Ƙaramar Sallah na rubuta na uku. Bakaniken ya ce sabon oyil kula sai an yi odarsa daga nesa, kafin nan Baba ya riƙa wanke lagireto da garin sabulu kada motar ta riƙa zafi. Baba ya bi umarni. Duk dawowarsa daga tafiya yakan biyo ta gida, tunda famfon harabarku ba kullum yake kawo ruwa ba, ya zubar da gurɓataccen ruwan a bayan katangarmu, ya wanke, ya zuba sabo. Da safe ya je sito ya karɓi mai ya ƙara. Da haka motarku ta yi wata bakwai tana zuwa tana dawowa, ba ta taɓa kwana a hanya ba.

A gaban kwamiti an ce babu rahotannin nan uku a fayil, takardun karɓar mai kawai aka gani, ga su da yawa. Ba zan ce wani ya ɓoye su ba, don ban gani ba. Abin da na sani shi ne duk takardar da zan rubuta sai na fara gwadawa a bayan littafina, kuma ukun suna nan a bayan littafin Bayoloji. Amma babu hatimin ofis a kansu. Tun a lokacin na ce wa Baba a makaranta an koya mana mutum ya riƙa yin kwafi biyu, a buga masa hatimi a ɗaya ya riƙe. Ya ce ba zai miƙa wa mutumin da suke sallah sahu ɗaya takarda ba sannan ya ce masa ya buga shaidar ya karɓa, kamar yana zaton zai musa.

Na huɗu. A nan kuskurenmu yake, kuma ba zan ɓoye shi ba.

Ranar wata Litinin aka faɗa wa Baba cewa washegari kwamiti zai duba motar saboda yawan man da take sha. Ya dawo daga Hong da la’asar, yana murna, yana cewa a ƙarshe manya za su gani da idonsu a sayo abin da ya lalace. Sai ya ce in kira mai ruwa. Duk wanda ya san Baba ya san ba ya kai mota gaban manya da datti. Tun yana yaron mota maigidansa ya hore shi a kan haka, cewa direban da aka buɗe bonet ɗinsa aka ga ƙazanta bai san darajar aikinsa ba, kuma bai girmama wanda zai duba ba. Ko canjin taya za a yi sai ya wanke ta. A ranar kuwa ya wanke ta ciki da waje, ya goge injin da kananzir har yana sheƙi, sannan ya kwance tiyon ƙasa, kunun nan ya zubo. Sau uku ya cika lagireto da ruwan sabulu, ya tayar da injin kaɗan, ya zubar, har ruwan ya fito fari tas. Murfin ma da tsohon buroshin haƙori ya goge shi.

Ranka ya daɗe, ni na riƙe masa mazurari. Ni na riƙa ɗaga jarka ina zubawa. Kuma a lokacin wani abu ya faɗo mini a rai. Na tuna a ɗakin gwaje-gwaje malaminmu ba ya bari mu wanke kwalba sai ya zo ya ga abin da ya fito. Na buɗe baki in ce, Baba, a bar musu su gani, ko a ɗebi kaɗan a gora. Sai na dube shi, ya naɗe hannun riga, yana aiki yana karatu a hankali, fuskarsa a sake yadda na daɗe ban gan ta ba. Na ji nauyin in gyara wa mahaifina a kan sana’ar da ya fara tun ba a haife ni ba. Na ci gaba da zuba ruwa. Tun daga ranar babu ranar da ban sake tsayawa a wurin nan ba a cikin zuciyata, da mazurari a hannu. Magana ce da ba ta wuce kalma biyar ba.

Na biyar. Gwajin da kwamiti ya yi.

Kamar yadda Baba ya ba mu labari, ranar Talata an ajiye motar a kan siminti, aka shimfiɗa sabon kwali a ƙarƙashinta, aka karɓi makulli, aka ce a dawo gobe. Na ji an ce haka kuke gwada kowace mota: idan kwali ya ɓaci mota ce mai yoyo, idan bai ɓaci ba direba ne. Da safe kwali ya fito fes. Baba ya ce a duba lagireto. Aka buɗe, ruwa garau. Ya ce ai shi ya wanke shi shekaranjiya. Sai wani daga cikin ’yan kwamiti ya yi dariya ya ce, to Malam Modu, mai gaskiya ne zai wanke shaidarsa da hannunsa ana gobe bincike? Sauran ma suka yi dariya. Bakaniken yana tsaye a wurin, aka tambaye shi ko motar tana yoyo, ya ce ya gyara yoyon tun kafin azumi, ga kwali ma ya nuna. Ba a tambaye shi maganar sabulu ba, shi ma bai tayar ba.

Baba idan ransa ya ɓaci Hausarsa takan gudu, sai Barbarci ya riƙa zuwa masa baki, ku kuma rabin zaman da Turanci kuka yi shi. Ya ce yana ta nuna injin da hannu yana neman kalma, har aka ce ya jira a waje.

Da ladabi nake cewa gwajin nan bai dace da wannan ciwo ba. Kwali yana kama man da ke ɗiga ƙasa ne. Wannan man ba ƙasa yake zuwa ba. Kuma motar a kashe ta kwana, injin da ba ya aiki ba ya tura mai ko’ina. Bappa Hammadu ya ce da an ba wani makullin ya kai ta Song ya dawo, sannan a buɗe murfin, da magana ta ƙare a ranar.

Na shida. Takardar.

Bayan mako biyu aka ba shi ambulan. Ya kawo shi gida bai buɗe ba. Bayan azahar ya zauna a tabarma ya miƙo mini, yana zaton gargaɗi ne, ko an sauya masa mota. Na saba in fara karantawa a zuci sannan in juya masa da harshenmu. Na karanta har ƙasa, na koma sama na sake. Ya ce, karanta mana. Kalmar da kuka yi amfani da ita doguwa ce, irin ta ofis, na yi ta neman yadda zan faɗe ta da sauƙi. Na ce sun ce mai ya bi hanyar da ba tasa ba. Ya ce ai shi ma abin da yake faɗa musu ke nan. Na ce ba haka suke nufi ba. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, sata suka ce? Na ce e.

Ban san ko ka taɓa faɗa wa mahaifinka irin wannan kalma a fuskarsa ba. Ina roƙon Allah kada ya sa ’ya’yanka su taɓa yi. Ya ninke takardar huɗu ya sa a aljihun gaba. Har yau tana can. Idan Ya za ta wanke rigar sai ta cire, idan ta bushe ta mayar.

Na bakwai. Abin da ya faru da motar bayan an sallame shi.

An ba wani direba ita, ba kuma laifinsa nake gani ba, don ba wanda ya faɗa masa halinta. An ce masa mai sace man ya tafi. Bai riƙa ƙara mai kullum ba, bai kuma wanke lagireto ba. Bai cika mako uku ba injin ya buga kusa da Song, aka jawo ta da igiya. Da labarin ya iso unguwarmu na yi tsammani shi ke nan, gaskiya ta fito, har na kasa cin abinci don murna. Sai muka ji an ce a ofis an rubuta cewa tsohon direba ne ya riga ya kashe injin da ƙarancin mai.

To amma ga abin da nake so ka lura da shi. Tun ranar da na riƙe mazurari ba wanda ya sake wanke lagireton nan. A kusan mako ukun da sabon direba ya yi yana tuƙi, man da ya ɓata a hannunsa yana ciki, Baba kuwa yana gida ba shi da makulli. Bappa Hammadu ya ce ko ruwan ya ƙafe man ba ya ƙafewa, zai kama murfi da bakin tiyo, ko shekara motar ta yi a ajiye. Ya ce idan ana son tabbaci ya wuce haka, noti kaɗan ne ke riƙe da oyil kula. A kwance shi, a toshe rami ɗaya, a hura iska ta ɗayan, a tsoma shi a bahon ruwa kamar yadda mai faci yake yi wa tiyub. Idan ya tsage kumfa za ta tashi, yaro ma zai gani. Ya ce zai zo da kayan aikinsa ya yi a gabanku, ba ya son ko sisi, bakanikenku ma ya tsaya ya kalla.

Wata shaidar da muke da ita ita ce bayan katangarmu, inda aka yi wata bakwai ana zubar da ruwan. Ƙasar wurin ta yi baƙi, kuɓewar da Ya ta shuka ba ta fito ba. Amma na san abin da za a ce: wai a nan yake juye man a jarka. Ruwan sama ma ya fara wanke wurin.

Na takwas. Halin da muke ciki, a taƙaice, don ba tausayi na zo nema ba.

Baba ya je tasha sau da yawa neman mota. Jimeta ba ta da girma ga direbobi. Ana yi masa maraba, a ba shi wurin zama, a ce ya dawo wani mako. Yanzu yana bin masu zuwa Damare yin noman ƙwadago a gonakin shinkafa, mutumin da ya haura hamsin. Wannan bai dame shi ba kamar ɗayan. Shekara shida shi ke riƙe da makullin ɗakin janareton masallacin unguwarmu, da jarkar fetur ɗinsa. Bayan maganar ta bazu ba wanda ya ce masa komai. Wata Juma’a ladan ya ari makullin, ya ce za a gyara kwaɗo. Ba a dawo da shi ba, Baba kuma bai tambaya ba. Da a sahun farko yake sallah. Yanzu sai an tayar yake shiga, ana sallamewa ya fito, kada wani ya ji nauyin gaishe shi. Da safe har yanzu yakan ɗauki tsummansa ya fita ƙofar gida, ya tsaya kaɗan, ya dawo ya rataye.

Lokacin da aka ƙone gidanmu aka ƙwace motarsa, Ya ta ce bai yi mako ba ya miƙe yana neman abin yi, yana ce mata abin da ya tafi duk na hannu ne. Wannan karon ban ga alamar zai miƙe ba.

Saboda haka, Ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo.

Ɗaya, a buɗe murfin lagireton farar motar a gabanka kafin ranar Asabar. Idan an samu ruwa mai tsabta, na yi alkawari zan sake rubuta wata takarda a nan inda na rubuta wannan, in nemi gafararka a gaban kowa.

Biyu, idan an samu mai a ciki, a bar Bappa Hammadu, ko duk bakaniken da ka amince da shi, ya gwada oyil kula a bahon ruwa.

Uku, idan kumfa ta tashi, a rubuta layi ɗaya a takarda mai hatiminku cewa Malam Modu bai saci mai ba. Ban ce a mayar da shi aiki ba, na san an riga an cike gurbinsa. Ban ce a hukunta bakaniken ba, shi ma da abin da aka ba shi ya yi aiki, kuma yana da iyali. Layi ɗaya kawai, wanda za a iya nuna wa ladan da shugaban tasha. Ni na karanta masa waccan takardar, ina so ya zama ni zan karanta masa wannan.

Huɗu, don sauran direbobinku, idan mota tana shan mai a daina tsayawa a kan kwali.

Ba zan yaudari kaina ba. Na san mai yiwuwa takardar nan ba za ta iso gare ka ba sai bayan Asabar, ko ta iso ka ga aikin yarinya ne. Na san buɗe murfin yana nufin kwamiti ya ce ya yi kuskure, kuma ban taɓa jin inda aka yi haka saboda direba ba. Na tambayi Bappa Hammadu abin da masu sayen irin waɗannan motoci suke yi da su. Ya ce a ranar suke farfasa su, lagireto ma shi ake fara cirewa saboda ƙarfensa yana da daraja, a yanke tiyo, abin da ke ciki ya zube a ƙasa, a zuba yashi a kai. Daga nan babu sauran wurin da maganar Baba take a rubuce sai bayan littafina na Bayoloji.

Ina yi maka addu’a da zuciya ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, ya raya maka zuriya, ya tsare sunanka daga abin da ba ka aikata ba, ya kuma sa a samu mai saurarenka a ranar da harshenka zai kasa. Allah ya kiyaye direbobinku a hanya. Allah ya zaunar da jiharmu da garuruwan da muka baro lafiya.

Baba bai san na rubuta wannan ba, bai kuma san da maganar gwanjon ba, na kasa faɗa masa. Takardun roƙo biyun farko kawai ya sani. Duk ranar da na dawo daga makaranta yakan bari in ajiye jaka in sha ruwa, sannan ya ce, Falmata, an aiko? In ce masa tukuna. Wata huɗu ina faɗin haka, kuma ba ƙarya nake yi ba, tunda motar tana nan a harabarku da murfinta a rufe. Daga ranar Lahadi ban san abin da zan riƙa ce masa ba.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Falmata Modu,
Yolde Kohi.